Sa Hannun Baba da Aka Zana Daga Hagu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyarwa a matsayin 'yar kwantaragi kafin abin nan ya faru. Wanda bai san wannan rayuwa ba, bari in gaya masa a taƙaice. Aikinki ɗaya da na malamar da gwamnati ta ba lambar aiki, allinku ɗaya, ciwon maƙogwaronku ɗaya, amma ita tana da albashi da fansho, ke kuma kina da ɗan abin da ake miƙo miki in an tuna da ke. Duk shekara kunnenmu na kan rediyo, muna jiran a ce an buɗe ɗaukar aiki mu haɗa takardu mu kai. A cikin takardun akwai wata guda da muke kira kaziye, wadda kotu ke bayarwa don shaida ba a taɓa yanke wa mutum hukunci ba. Sau huɗu na karɓo ta a rayuwata, ban taɓa tsayawa na karanta ba. Me zan karanta? Suna ne da hatimi, tsakiyarta fara fat.

Mahaifina ɗan kasuwa ne a unguwar Kalley. Daga wajen Madawa ya zo Yamai yana saurayi, ya fara da tallar zare da allura a faranti, har Allah ya ba shi shagon da duk telan da ke kewayen Babbar Kasuwa ya san ƙofarsa. In keken ɗinki ya lalace, wurinsa ake samun abin da ya karye. Bai taɓa shiga lakwal ya yi boko ba, amma ya yi karatun allo mai zurfi, kuma da masu ba shi kaya suka matsa ya buɗe ajiya a banki, da ajami ya sa hannu. Sunansa yake rubutawa a dunƙule, ya ja wutsiyar harafin ƙarshe ta zagayo ƙasa. Sauran abin da ake cikewa a jikin shek da Faransanci, ni nake cike masa. Tun ina aji uku a kwaleji nake wannan aiki. Ran Asabar in je shago, ya faɗa, in rubuta, ya sa hannu, wani lokaci ma ni zan kai banki in karɓo masa. Ma'aikatan sun san ni, har suna tsokanata da sakatariyar Alhaji.

Mu uku ne a wurinsa. Akwai Yaya, ɗan fari, ma'aikaci a wani ofishin gwamnati, mai lambar aiki da mota da tumbi. Sai ni. Sai Auta, direban babbar mota a hanyar Kwatano, mutum mai saurin fushi da saurin kuka. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, saboda kunyar ɗan fari. “Wancan” take ce masa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana a gaban mutane. Baƙo in ya gani sai ya ce ba ta damu da shi ba. Mu da muka tashi a gidan mun san in an yanka kaza wa ake ajiye wa cinya.

Hawan jini ne ya kayar da Baba a shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Sati uku ya yi a asibiti, ni nake ba shi koko da cokali, ran wata Talata da safe ya cika. Aka kafa rumfa a ƙofar gidanmu na Talladje, aka yi hayar kujeru, dangi suka fara sauka daga gida mota-mota, kowa da tabarmarsa da cikinsa.

Kashegari da hantsi Yaya ya kira ni ɗakin Baba, ya turo ƙofa. Ya zaro shek guda daga aljihun gaba, babu komai a jikinsa sai sa hannu a ƙasa.

“Baba ya ba ni wannan tun kafin ciwon,” in ji shi. “Ya ce in ajiye ko da Allah zai yi ikonsa. Cike ki je ki karɓo, shinkafa ta kusa ƙarewa.”

Ya faɗi adadin. Na ɗaga kai na dube shi, don kuɗin sun isa a ciyar da rabin Talladje.

“Yaya, duk wannan?”

“Ga sadakar uku, ga ta bakwai, ga ta arba'in. Ko so kike mutanen gida su koma su ce an bar su da yunwa a makokin Alhaji? Kuma kada ki ce musu ya rasu. Suna ji za su rufe ajiyar, sai mun yi wata shida muna yawon takardu.”

Na tambaye shi me ya hana shi zuwa da kansa. Ya ce shi ne babba, shi ke karɓar gaisuwa a rumfar maza, kuma ni suka sani. Duka biyun gaskiya ne, kuma har yau abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, yadda ya jera mini gaskiya biyu ya ɗora ƙarya a kai. Na cike shek ɗin a kan akwatin ƙarfen Baba, idona a kumbure. Wurin kwanan wata na rubuta na ranar, kamar yadda nake rubutawa a allo kowace safiya, ban ko yi tunani ba. Sa hannun kuwa kallo ɗaya na yi masa, na ga wutsiyar nan ta zagayo, hawaye ya zubo mini, na ninke.

Ba zan wanke kaina tas ba. A banki matar da ke bayan gilashi ta rubuta lambar katina na shaida a bayan shek ɗin, tana ƙirga kuɗi ta ce, “Sakatariya, ya jikin Alhaji?” Na ce, “Da sauƙi.” Mahaifina na kwance a kabari tun jiya, na buɗe baki na ce da sauƙi. Wannan ƙaryar tawa ce, ba wanda ya riƙe mini harshe. Na dawo na damƙa wa Yaya kuɗin a ɗakin Baba, na koma cikin mata na ci gaba da kuka.

Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in. Shinkafa ce da miya kamar ta kowa, ban ga an yanka raƙumi ba. Abin da na gani shi ne, kafin damina ta faɗi, an fara zuba kankaren bene a saman gidan Yaya.

Da aka zo maganar gado, aka je kotu aka yi taron dangi, aka naɗa Baffa, ƙanen mahaifinmu, wakilin magada. Shi ya kai wa banki takardar rasuwa, suka ba shi bayanin abin da ya shiga da abin da ya fita. Auta na gari a lokacin. Karatunsa bai yi nisa ba, amma direba ya san kwanan wata, ya kuwa ga an cire kuɗi kwana ɗaya bayan an binne mai su. Ya je wurin Yaya ya tambaya, Yaya ya ce masa yaron mota bai isa ya tuhume shi ba. Auta ya fito yana huci, bai zame ko'ina ba sai ofishin 'yan sanda. Daga baya ya rantse mini da abin da zai kashe shi cewa so yake kawai a kira Yaya a ja masa kunne, ya ji tsoro ya fito da rabon kowa. A tunaninsa ofishin 'yan sanda kamar zauren mai unguwa ne, in an yi faɗa an huce sai a tashi a sha hannu. Bai ma ambaci sunan kowa a ƙarar ba. 'Yan sanda suka nemi shek ɗin daga banki, suka juya bayansa, suka ga lambar katina.

Satin ƙarshe na makaranta ne, ina cike sakamakon yara, aka kawo mini takardar sammaci. Maigidana ya rufe shagon ɗinkinsa ya raka ni. Jami'in da ya karɓe mu mutum ne mai sanyin magana, ya shimfiɗa shek ɗin a tebur, ya jera wasu tsofaffi uku na Baba a gefensa, ya miƙo mini gilashin ƙara girma.

“Madam, rubutun sama naki ne?”

Na ce nawa ne.

“Bon. Dubi na ƙasa. Mai rubutun ajami daga dama yake farawa, ki ga na mahaifinki, nan biro ya sauka, ya tafi hagu a ja ɗaya. Wannan kuwa daga hagu aka faro shi. An tsaya nan, an tsaya nan, an sake tsayawa nan. Wanda ya yi shi bai rubuta ba, zanawa ya yi, yana kallon wani yana kwaikwaya. Wa ya ba ki?”

Na sake duban sa hannun ta cikin gilashin. A gidanmu mutum ɗaya ne bai iya ja baƙi daga dama ba. Ni na yi allo har na kai izu ashirin, Auta ma ya taɓa. Yaya ne ya riƙa gudu yana ɓuya a bakin kogi har malam ya gaji, Inna ta ce a bar wancan, lakwal ta ishe shi. Mutumin da ya shekara arba'in yana ganin sa hannun ubansa, bai taɓa lura ta ina ake faro shi ba.

Na ce wa jami'in ina so in yi tunani. Ya ce in yi tunanin a wurinsu, ba zan koma gida ba.

Kashegari da safe aka ce ina da baƙi. Na fito na ga Baffa, a bayansa kuma Inna, lulluɓe cikin mayafin takaba. Tun ranar da aka fita da gawar Baba ba ta taka ƙofar gida ba, saura mata sati uku ta fita. Da na gan ta a tsakar ofishin 'yan sanda sai na fashe da kuka, na ce a raina uwata ta keta takaba saboda ni. Ta kama hannuna, ta zaunar da ni a benci, ta sunkuyo.

“Ɗiyata, mi kika hwaɗa musu?”

“Ban ce komai ba tukuna, Inna.”

“Madalla. To ki rufa muna asiri. Wancan in aka kama shi aikinai ya tahi, ga mata ga ɗiya bakwai. Ke mace ce, alƙali zai ji tausayinki, kuma kina da mai ciyar da ke.”

Wallahi ban san lokacin da hawayena ya tsaya ba. Na dube ta, na dubi mayafin. Ashe ba don ni aka fito ba.

Baffa ya karɓe zancen, ya riga ya shirya shi tsaf. In ce na tsinci shek ɗin a cikin akwatin Baba da sa hannu a jiki, na ɗauka shi ya bari, ban san wanda ya yi ba, gida cike yake da jama'a ana shiga ana fita. Ya ce ai magana ce ta kwana biyu, Auta ya tafi janye ƙara, da zarar ya janye shi ke nan.

Auta ya janye ƙarar kuwa, yana kuka yana dukan ƙirji. Aka ce masa takardu sun riga sun wuce wurin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Baffa ya ɗebi dattawa huɗu da limamin unguwa, suka sa manyan riguna, har da ƙullin goro, suka tafi kotu kamar masu zuwa sasanta rikicin katanga. Shi da kansa ya ba ni labari, yana mamaki. Ya ce wa mai gabatar da ƙarar, “Ranka ya daɗe, kuɗinmu ne, na ɗan'uwana ne, mu magada mun yafe.” Mutumin ya ce su riƙe goronsu. Ya ce da kuɗi aka ɗauka a ƙarƙashin katifa da wata magana ce, amma an ƙirƙiri sa hannun mamaci an kai wa banki, wannan ya fita daga hannun dangi, ko duk Madawa ta zo ta yafe sai an yi shari'a. Ranar aka wuce da ni gidan kaso, ɓangaren mata, in jira ranar zama.

Maigidana haifaffen Yamai ne, Bazabarme, Hausarsa ta kasuwa ce, ba ya kwana-kwana da ita. Ran da ya fara kawo mini abinci ya ce, “Hannu wanda ya yi, shi ya zo ya zauna nan. Ke faɗi gaskiya, mu tafi gida.” Na ce masa bai san Inna ba, in na faɗa ba za ta sake kallona ba. Ya ce, “Yanzu tana kallon ki?” Na yi masa tsawa, na ce kada ya shiga maganar gidanmu. Ya tattara kwanukan ya tafi, kashegari ya sake dawowa da wasu. A duk mutanen nan shi kaɗai ya gaya mini abin da zai amfane ni, kuma shi kaɗai na ɗaga wa murya.

Wata biyu na yi a ciki, tsakiyar damina. Ba zan tsaya ba da labarin wurin ba, ɗaki ne da mata suka yi masa yawa, rufi na yoyo, sauro ba ya jiran magariba. 'Ya'yana biyu an ce musu na tafi Maraɗi kwas. Yaya bai taɓa zuwa ba, ko sau ɗaya. Matarsa yake aikowa da kula cike da abinci, ran nan har da 'yar fanka mai batir. Shi ya ɗauko lauya, shi ya biya, kuma ba sai an gaya mini da wane kuɗi ba. Duk wanda ya zo dubiya daga dangi da kalma ɗaya yake sallama: “Allah ya taimake ki abin ya faɗo a hutu, ba ki rasa aji ba.” Har godiya ake so in yi, an rufe ni a kan kari.

Lauyan ya zo sau biyu. Ya ce in tsaya a kan maganar akwati, in sa farin hijabi, in yi ƙasa da kai, abin ba zai wuce wata biyu ko uku ba, kuma na riga na yi su. Ban tambaye shi komai ba bayan wannan. Ni mai koya wa yara su ɗaga hannu su yi tambaya, ban ce masa, to bayan na fita fa?

Ranar shari'a ɗakin ya cika da danginmu. Na hango Yaya can baya cikin farar shadda, yana danna waya. Aka kira matar banki, ta faɗi abin da na ce mata game da jikin Alhaji, ba ta ƙara ba ba ta rage ba, ba ta kuma yarda mun haɗa ido ba. Alƙalin dattijo ne mai furfura a gemu. Ya cire tabarau ya ce, “Madam, ke malama ce. Na san ba ke kika zana wannan ba, rahoton ya nuna. Wa ya ba ki?” Na ce a akwati na tsinta. Ya sake tambaya. Na sake faɗa. Karo na uku ya ce in dubi bayana in ga ko akwai wanda nake tsoro a ɗakin. Ban juya ba. Inna ta fita takaba a lokacin, tana zaune a layi na biyu, ina jin ƙarar carbinta.

Ya karanta hukunci da Faransanci: an same ni da laifin amfani da takardar jabu, ɗaurin shekara ɗaya, wata biyu a gidan kaso, sauran na jeka-ka-gyara-halinka. Tun da na riga na yi wata biyun, a sake ni yau. Ina jin Faransanci sarai, da shi nake cin abinci, kowace kalma ta shiga kunnena. Amma abin da zuciyata ta ɗauka shi ne yau zan kwana da 'ya'yana. Baffa ya tambayi tafinta me aka ce, tafinta ya ce, “Za ta tafi gida.” Baffa ya ɗaga hannu sama ya ce Allahu akbar, an wanke ta.

A Talladje har guɗa aka yi. Yaya ya sayo rago, aka yanka, aka raba wa maƙwabta, ana cewa gaskiya ta yi halinta. Ya zo inda nake zaune ya ce, “Sannu, ƙanwata, kin yi ƙoƙari,” kamar wadda ta dawo daga ɗebo ruwa. Na ci naman nan. Ina tuna wannan in ji kamar in sa yatsa a maƙogwaro.

Aka koma makaranta, na koma ajina, ba wanda ya ce mini komai. Bayan wata uku sai ga sanarwar da na shekara goma sha ɗaya ina jira: za a ba 'yan kwantaragin da suka daɗe lambar aiki, waɗanda suka haura shekara goma su ne a gaba. A ɗakin malamai muka rungumi juna, wata har da rawa. Na haɗa takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da ta likita, da shaidar karatu. Na je kotu na sayi tambari na nemi kaziye, aka ce in dawo jibi.

Na dawo jibi. Magatakardan ya miƙo ta ta taga, ya ɗan dube ni, ya kau da kai. Ina tafiya ina ninkewa sai idona ya faɗa tsakiyarta. Layi uku ne da injin ya buga: ranar hukunci, sunan laifi, wata biyu. Na koma tagar na ce an yi kuskure, ai sakina aka yi. Ya ce, “Madam, an sake ki ne don kin gama, ba don ba ki yi ba.” Na tambaye shi yadda ake goge shi. Ya ce sai an yi shekaru, sannan a rubuta roƙo, sannan a jira. Na tsaya a bakin tagar na lissafa da yatsu. Kafin shekarun su cika na wuce shekarun da gwamnati ke ɗaukar mutum aiki.

Duk da haka na kai takardun, don mutum ba ya yarda da irin wannan a rana ɗaya. Mai karɓa a ofishin sufeton makarantu tsohon malamina ne. Ya buɗe yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan kaziye ya tsaya. Ya rufe, ya turo mini a hankali. Ya ce, “Ɗiyata, ban gani ba. Ɗauki abinki ki koma aji. In na shigar da wannan, har kwantaragin za ki rasa.”

Daga nan gidan Inna na nufa. Na same ta tana tsince zogale, na zauna na fassara mata layi ukun nan da Hausa, kalma bayan kalma. Ta saki baki. Ta ce, “To ba sun sake ki ba? Ba har rago anka yanka ba?” Na yi mata bayani sau biyu. Da ta gane, sai ta ajiye tiren ta rufe fuska da mayafi. Na yarda Inna ba ta sani ba. Baffa ma bai sani ba, shi a duniyarsa wanda ya kwana a gida ya ci shari'a. Auta da ya ji, sati biyu bai iya zuwa inda nake ba.

Ina cikin taksi a hanyar gida abin ya faɗo mini. Akwai mutum ɗaya a gidanmu da ya taɓa haɗa irin waɗannan takardu ya kai, aka ba shi lamba. Shi ya san abin da ake nema a ciki, ya san abin da layi ɗaya ke yi wa ma'aikaci, don tsoron wannan layin ne ma ya sa aka fito da Inna daga takaba. Na ce wa mai taksi ya juya.

Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci. Na sami Yaya a sabon benen, a kan darduma, da tiren shinkafa da kifi a gabansa, fanka na kaɗa shi. Ban yi sallama ba, ban cire takalmi ba. Na miƙa masa takardar. Ya karanta, bai ɗauki daƙiƙa biyar ba, don ya san inda ake dubawa.

“Yaya, tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da ka turo Inna, ka san wannan zai fito?”

Ya ce in zauna mu yi magana kamar manya.

“Ka sani ko ba ka sani ba?”

Ya ajiye cokali. Ya ce, “Na sani. Amma ki duba da hankali. Ni ina da lambar a hannu, shekara goma sha tara. Ke ba ki samu ba tukuna, kuma ba tabbas za ki samu. In ni aka kama, an yi asarar abin da ke akwai. Ke kuwa ba abin da aka karɓe miki.”

Haka ya faɗa, da muryar mai raba gado. Ya auna ni, ya auna kansa, tun ina kwance a kan siminti sauro na cina, ya ga ni ce mai araha. Na zage shi. Ban taɓa zagin wanda ya girme ni ba sai ranar, na kira shi ɓarawon mamaci, na ce ko sunan ubansa bai iya rubutawa ba sai da ya zana kamar ɗan aji ɗaya, na ce benen nan da yake zaune a kai da wata biyuna aka zuba shi. Matarsa ta fito tana ba ni haƙuri, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Shi kuwa cewa ya yi zai riƙa ba ni wani abu duk wata, in faɗi nawa nake so.

Na ɗauki takardar na ajiye masa a gefen tiren. Na ce, “Adana ta, taka ce. Sunana kawai aka buga a kai.”

Na koma wurin lauya daga baya, wani dabam, wanda na biya da kuɗina. Ya ce hanya ɗaya ce mai sauri: wanda ya zana sa hannun ya je da ƙafarsa ya faɗa, ya ce shi ya ba ni, ya ce ya rantse mini Baba ne ya sa hannun. Ko da hakan ma ba tabbas, amma akwai abin da za a kama a nemi a sake duba shari'ar. Na aika wa Yaya wannan saƙo ta bakin Baffa. Amsar da ta dawo ita ce turmin atamfa biyu da buhun shinkafa, na sa mai kabu-kabu ya mayar masa.

Waɗanda muka rungumi juna da su a ɗakin malamai duk sun sami lambarsu, ɗaya ma ita ce shugabar makarantarmu yanzu, ni nake kai mata rajista ta sa hannu. Duk sallah Inna takan kama hannuna ta ce in yafe wa wancan, ita ta tsufa, tana so ta bar mu a haɗe. Ina son uwata, ina kai mata abinci duk Juma'a, amma amsata ba ta sauya ba. Na ce ya je gaban alƙali ya faɗi abin da ya faɗa mini a kan darduma, in ya fito zan yafe masa tun a matakalar kotu. Bai je ba. Watan jiya na cika shekarun da ba a ƙara ɗaukar mutum aiki.